Zaɓen Aku na Gida: Wanne Ya Dace da Iyali?

Gabatarwa

Duk ɗalibin Hausa da ya karanta Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam ya san aku a matsayin tsuntsu mai hikima, wanda bakinsa ya kai shi ga sarautar waziri. Wannan ne ya sa idan magidanci ya yi sha'awar ajiye aku a gida, tambayar farko da yakan yi wa mai sayarwa ita ce, "Yana magana kuwa?" Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa akwai wasu tambayoyi uku da suka fi wannan muhimmanci ga mai iyali. Su ne: yaya ƙarfin kukansa yake, shekara nawa yake yi a duniya, kuma daga ina aka samo shi?

Dalilin Kukan Aku

Da farko ya kamata a sani cewa babu aku marar kuka. Akwai nau'o'in aku kusan 400 a duniya, kuma mafi yawansu a garke suke rayuwa. Da kuka suke kiran juna idan gari ya waye, da shi kuma suke taruwa idan rana ta kusa faɗuwa. Masu iya magana na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Saboda haka idan aka kawo aku gida, mutanen gidan su ne garkensa, su zai riƙa kira safe da yamma.

Kwaikwayon magana ma daga nan ya samo asali. Aku ba ya da leɓe, kuma ba a maƙogwaro yake samar da sauti kamar ɗan Adam ba. Yana da wata gaɓa a can ƙasan hanyar iska, daidai inda ta rabu biyu zuwa huhu, da ita yake fitar da murya, sannan ya sarrafa ta da harshensa mai kauri. Koyon sauti yake yi ta hanyar saurare, don ya saje da waɗanda yake zaune da su. Wannan ke nan, akun da ya iya sallama zai iya kwaikwayon ƙarar waya, ko kukan jariri, ko ƙugin ƙofa, ya yi ta maimaitawa. Abin da mai iyali zai nema shi ne wanda kukansa bai da ƙarfin da zai tayar da jariri ko ya haɗa shi da maƙwabta.

Waɗanda Suka Cika Ƙara

Manyan aku masu ban sha'awa da ake gani a hotuna, irin su makawo na Kudancin Amurka da kokatu mai tukku na Ostareliya da Indunusiya, suna daga cikin tsuntsaye mafiya ƙarfin murya. An halitta kukansu ne don ya ratsa daji, kuma bakinsu na iya ji wa yatsan yaro mummunan ciwo. Ita ma tsirya, wato koriyar nan mai dogon wutsiya da jan baki da ake samu a arewacin Nijeriya, duk da ƙanƙantarta kukanta yana da kaifi. Gidan haya ko gidan yawa bai dace da ɗayansu ba.

Aku Mai Jan Wutsiya

Wanda muka fi sani shi ne mai ruwan toka da jan wutsiya, ɗan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Wajen basira kam babu kamarsa. Wata masaniya 'yar Amurka, Irene Pepperberg, ta shafe shekara 30 tana nazarin wani mai suna Alex, wanda ya san kalmomi fiye da 100 na Ingilishi, yana kuma bambance launi da siffa kafin mutuwarsa a 2007. To, amma wannan basira ita ce ke sa kiwonsa wuya. Idan aka bar shi shi kaɗai a keji, kaɗaici kan sa ya riƙa fige gashin jikinsa. Sau da yawa yakan shaƙu da mutum ɗaya a gida, ya ciji sauran. Ga shi yana iya kai shekara 40 zuwa 60, wato wanda ya saye shi yana magidanci, mai yiwuwa 'ya'yansa ne za su gaje shi.

Bayan haka akwai batun doka. Kamun da ake yi masa ya kusa ƙarar da shi a wasu ƙasashe. Wani bincike da aka yi a Gana ya nuna cewa ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na irin wannan aku tun daga 1992. A taron da aka yi a Johannesburg cikin 2016, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, wadda Nijeriya ke ciki, sun haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk wanda ya sayi kamammen daji ya ba mafarauta dalilin komawa.

Waɗanda Suka Fi Dacewa

Na farko shi ne kokatiyel, ɗan asalin Ostareliya. Tsawonsa kamar santimita 30 ne har da wutsiya, yana da tukku da ɗigon ruwan goro a kumatu. Yana da sanyin hali, yana son a sosa masa kai, kuma kukansa ya fi kama da fito. Namijin ya fi yawan fito, macen ta fi shiru. Yakan yi shekara 15 zuwa 20. Illarsa ita ce farar ƙura da ke fita daga gashinsa, wadda kan dami mai ciwon asma.

Na biyu shi ne bajariga, shi ma ɗan Ostareliya, wanda aka fara kai shi Ingila a 1840. Tsawonsa kamar santimita 18 ne, nauyinsa bai wuce giram 30 zuwa 40 ba. Yana yini yana 'yan surutai, sai dai murya ce ƙasa-ƙasa, kuma cizonsa ba ya yin lahani sosai. Yakan yi shekara 5 zuwa 10. Ana gane baligin namiji da shuɗin fatar da ke saman bakinsa, ta mace kuwa ruwan ƙasa ce. Kada a raina shi wajen magana, domin wani mai suna Puck ya shiga kundin Guinness da kalmomi 1,728. Wani abin lura kuma shi ne, Ostareliya ta daɗe da hana fitar da tsuntsayenta na daji, saboda haka waɗannan biyu a hannun masu kiwo ake ƙyanƙyashe su, tun suna ƙanana suka saba da mutum.

Na uku shi ne akun Senegal, mai kai ruwan toka da koren baya da ciki rawaya ko ruwan goro, wanda ake samu a Afirka ta Yamma har da Nijeriya. Ba ya cika ƙara, yakan kuma wuce shekara 25. Sai dai yana da kishin mutum ɗaya, kuma idan kamun daji ne yana da wuya ya saki jiki. Ya fi dacewa da gidan da yara suka tasa.

Abin Dubawa Kafin Saye

A je wurin mai kiwo da sassafe ko da yamma, lokacin da tsuntsaye suka fi kuka, don a ji da kunne. A zaɓi ƙarami wanda ya riga ya iya cin abinci da kansa. A duba idonsa ya zama garau, hancinsa babu majina, gashinsa a kwance. Wanda ya kumbura gashi ya takure a ƙasan keji ba shi da lafiya, komai araharsa a bar shi. Akwai wani zazzaɓi da mutum kan ɗauka ta shaƙar ƙurar busasshen kashin aku, don haka yana da kyau likitan dabbobi ya duba shi, a riƙa share kejin, yara kuma su wanke hannu bayan sun taɓa shi.

Kula da Shi

Sau da yawa ihun aku alama ce ta rashin kulawa. Yana buƙatar keji mai faɗin da zai buɗe fukafukai, da barcin awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu, da abokin hira kullum. Idan ya yi ihu aka daka masa tsawa, ɗauka zai yi an amsa kiransa, sai ya ƙara. A haɗa masa gero da dawa da ganye da karas da gwanda, kada a dogara da gyaɗa kaɗai, wadda ta yi fumfuna kuwa guba ce. Fiya da cakulan da kofi da goro duk suna iya kashe shi. Haka nan a nisanta shi daga hayaƙin janareta da turaren wuta da maganin sauro, domin numfashin tsuntsu ba ya jure su. Kada kuma a bar ƙaramin yaro da shi ba tare da babba ba, don matsa kaɗan ta isa ta karya bajariga.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa iyalin da ke neman aku mai sauƙin kuka da son mutane, kokatiyel ko bajariga da aka ƙyanƙyashe a hannu su suka fi dacewa da su. Mai jan wutsiya kuwa amana ce ta shekaru masu yawa, kuma yawansa na raguwa a daji. Kafin a biya kuɗi, maigida da uwargida da yara su zauna su tsayar da wanda zai riƙa ba shi abinci da share keji, da kuma wanda za a bar wa shi idan tafiya ta kama.