Cinikin Zane a Intanet: Aikin da Dillali Ya Bar wa Mai Saye

A zamanin da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tun kafin kwalejin da suke karatu ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, mai zane ba ya haɗuwa da mai saye sai ta wurin baje koli ko ta hannun wani mai faɗa a ji. A yau kuwa mai zane mai zaman kansa, wato wanda ba ya ƙarƙashin wani gidan baje koli ko dillali, yana iya ɗora aikinsa a Instagram da safe a Kaduna, a taya shi daga Yamai ko Landan kafin azahar. Farashin yakan yi sauƙi, domin gidajen baje koli sukan ɗauki kaso mai tsoka, sau da yawa har rabin kuɗin. Sai dai wannan kason ladan aiki ne, domin gidan ne ke tsaya wa mai zane shaida, ya tabbatar da ingancin kaya, ya kuma amsa ƙorafi idan an sami matsala. Da aka cire dillali aikin nasa bai tafi ko'ina ba, kan mai saye ya dawo, kuma wanda bai san da haka ba cinikin biri a sama yake yi.

Abu mafi wuya shi ne tabbatar da cewa mai shafin shi ne mai hannun da ya yi aikin, domin ɗan damfara ba ya buƙatar iya riƙe buroshi, abin da yake buƙata kawai shi ne ya kwashi hotuna daga shafin wani ya buɗe nasa. Ana iya saka hoton a Google Lens ko TinEye, waɗanda ke lalubo sauran wuraren da hoto ya bayyana a intanet, kuma idan zanen ya fito da sunan wani mutum dabam a wata ƙasa, magana ta ƙare. Tarihin shafin ma yana da abin faɗa: mai zane na gaskiya hannunsa yana nuna da shekaru, ana ganin ayyukansa na farko masu rauni da waɗanda bai gama ba da teburinsa mai dabbaren fenti, alhali shafin bogi yakan cika da gwanintar da aka ɗora cikin 'yan makonni, cikin salo iri-iri da ba za su fito daga hannu ɗaya ba. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke fitar da hoto mai kama da fentin mai cikin daƙiƙoƙi, hoton gaba shi kaɗai bai isa hujja ba. Ya kamata a nemi hoton bayan zanen, inda ake ganin katakon da aka ɗaure ƙyallen a kansa da ƙusoshi da sa hannu ko kwanan wata, a kuma nemi ɗan bidiyo da aka haska fitila daga gefe, domin hasken gefe yana bayyana tudu da kwarin da buroshi ya bari, wanda bugun inji ba shi da shi. Kiran bidiyo na minti biyu, mai zanen yana riƙe da aikin, ya fi dogon rubutun yabo amfani.

Bayan an san mutumin, sai a san ainihin abin da ake saye, kuma a nan ake yawan samun saɓani ko da babu mai niyyar cuta. Akwai zanen asali, wanda guda ɗaya ne tak. Akwai bugu mai iyaka, inda ake fitar da adadi ƙayyadadde, mai zane ya sa hannu a kan kowanne da fensir ya rubuta lamba irin 12/50, ma'ana na 12 cikin 50, kuma darajarsa ta dogara ne ga alkawarin cewa ba za a ƙara bugawa ba. Akwai bugu marar iyaka, wanda ado ne kawai. Akwai kuma kwafin hannu, wanda fenti ne na gaske amma kwaikwayon aikin wani ne, irin wanda unguwar Dafen da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin ta yi suna wajen fitar da shi da yawa. Babu aibi a sayen kowanne daga cikinsu muddin da sunansa aka sayar da shi. Takardar shaidar inganci da wasu ke tutiya da ita ba ta wuce amincin wanda ya sa mata hannu ba, don haka rasit mai ɗauke da sunan aikin, shekararsa, kayan da aka yi shi da su da girmansa ya fi ta ƙarfi. Girman kuwa a tantance ko da inci aka auna ko da santimita, domin inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma a fuskar waya duk zane girmansa ɗaya. Mai sayen zayyanar ayoyi zai ƙara da nuna hoton ga malami ya duba rubutun kafin a biya.

Wajen biya, abin lura shi ne kuɗi su bi hanyar da ke barin sawu. Tura kuɗi kai tsaye daga asusu zuwa asusu, wanda shi aka fi sabawa da shi a Najeriya, yana isa nan take kuma dawo da shi yana da wahala, don haka dole sunan asusun ya dace da sunan mai zanen, kuma uzurin cewa asusun ƙani ne ko na aboki ya isa a dakata. Biya da kati ta kasuwanni irin su Etsy ko Saatchi Art yana ba da damar ƙalubalantar cinikin idan kaya bai iso ba. A PayPal ma kariyar mai saye tana kan kuɗin da aka tura a matsayin sayen kaya, ba ta shafi wanda aka tura a matsayin kyautar 'yan uwa da abokai ba. Idan ta ɓaci, ana fara kai ƙorafi banki, sannan sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, ko hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

Adalci ya sa a tuna cewa su ma masu zane a tsorace suke, domin ana cutarsu da alat na bogi, ana kuma sa su aiki a gudu a bar su da hoton fuskar da ba mai saye. Saboda haka neman kafin alƙalami a aikin da aka ba da oda ba alamar damfara ba ce, kuma yawanci ana biyan rabi ne, a cika saura bayan an ga aikin. A rubuta wa'adi da yawan gyaran da aka amince, kuma idan hoton amarya ne ko na iyali, a faɗa tun farko ko an yarda a ɗora shi a shafi ko ba a yarda ba.

Fentin mai yakan ɗauki watanni kafin ya bushe sarai, zanen gawayi kuma yana gogewa da taɓawa kaɗan, don haka ba kowane aiki ake miƙa wa direban tasha ba. Babban ƙyalle ana naɗe shi cikin bututu mai faɗi, fuskar fentin tana waje don kada ta tsage. Wanda zai fitar da zane daga Najeriya yana buƙatar takardar izini daga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma duk tsohon mutum-mutumin Nok da aka tallata a intanet, ko dai jabu ne ko kuma kayan da doka ta hana fataucinsa.

Mallakar zane kuma dabam take da mallakar haƙƙinsa. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, ikon kwafar aikin yana hannun mai zanen tsawon rayuwarsa, ya kuma ci gaba shekara 70 bayan rasuwarsa, sai fa idan ya sallama shi a rubuce. Mai saye yana iya rataye zanen, ya ba da shi kyauta ko ya sayar, amma buga shi a kalanda ko a bangon littafi ko a jikin riguna ciniki ne na biyu, mai nasa farashin da tasa takardar.