Tabar Siga Mai Tsada: Me Mai Saye Ke Biya wa Kuɗi?

Tabar siga ita ce wadda ake naɗewa da ganyen taba zalla, ciki da waje, babu takarda, babu audugar tace hayaƙi a gindinta. Ta fi karan sigari girma nesa ba kusa ba. Wata kaurinta ya kai na babban yatsa, tsawonta ya kai tafin hannu, kuma mashayi kan shafe sa'a guda ko fiye kafin ya gama da ɗaya. Iri biyu ce: akwai wadda inji ke yi da gutsattsarin ganye, mai sauƙin kuɗi, akwai kuma wadda ake naɗawa da hannu daga cikakken ganye. Ta biyun ita ce ta manya, wadda ake gani a hannun attajirai da 'yan wasan fim. A Najeriya ba a samunta a teburin mai sayar da sigari da alewa, sai a manyan otal-otal da wasu kantuna na Abuja da Legas.

Matsakaiciya daga cikin naɗin hannu kan kama daga dala 10 zuwa 20 kara ɗaya. Masu suna irin su Cohiba na ƙasar Kyuba kan wuce dala 50, samfurinta kuma da ake kira Behike yana kaiwa ɗaruruwan daloli. Idan aka yi lissafi da canjin naira 1,500 a kan dala, kara ɗaya na dala 50 ya kama naira 75,000, ya ɗara mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000 da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024. Dole mai hankali ya tambaya: mene ne a cikin ganyen da ya kai wannan kuɗi?

Taba a ƙasar Hausa

Asalin taba nahiyar Amurka ne. A 1492 mutanen Christopher Columbus suka tarar da mazauna tsibirin Kyuba suna naɗe busasshen ganye suna zuƙar hayaƙinsa, daga nan ta bazu a duniya. Kafin ƙarshen ƙarni na 16 ta riga ta iso Afirka ta Yamma. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya ratsa ƙasar Katsina da Kano a 1851, ya ambaci gonakin taba da ya gani a hanya. Daga baya wani kamfanin taba ya kafa masana'anta a Zariya, manoman fadamun Sakkwato da Zamfara da Katsina suka riƙa noma masa ganye.

Saboda haka mutumin Zugurma, garin manoma da ke ƙaramar hukumar Mashegu a masarautar Kontagora, bai jahilci taba ba. Ya san taba gari da ake dakawa da kanwa a zuba a leɓe ko a shaƙa. Ya san lofe na tsofaffi, ya san buƙi da mutum ke naɗa wa kansa, ya san furen taba da mata ke goga wa haƙori tare da goro. Ya kuma san cewa ganye ya fi ganye: na wata fadama ya fi na wata ƙarfi, wanda aka shanya a inuwa ya fi wanda rana ta ƙona. A kan wannan sani ne aka gina kasuwar tabar siga baki ɗayanta, sai dai an kai shi maƙura.

Aikin da ke cikin kara ɗaya

Kaso na farko na kuɗin, ladan aiki ne da lokaci, kuma wannan ba ƙarya a cikinsa. Ƙasar da ta fi suna wajen noman ganyen ita ce Vuelta Abajo, a lardin Pinar del Río da ke yammacin Kyuba. Ba a girbe shukar a tashi ɗaya. Ganye-ganye ake tsinka, daga ƙasa zuwa sama, cikin makonni, domin kowane hawa da amfaninsa. Na ƙasa ya fi saurin cin wuta, na tsakiya ya fi ƙamshi, na sama wanda ya fi shan rana shi ne mai ƙarfi. Ganyen da za a yi wa karan riga da shi kuwa a ƙarƙashin rumfar farin ƙyalle ake noma shi, don ya fito siriri, mai laushi, babu tabo.

Bayan girbi sai a rataye ganyen a rumfunan shanya na kusan kwana 50, har ya juya daga kore zuwa ruwan ƙasa. Sannan a tara shi tsibi-tsibi a yayyafa masa ruwa. Nauyin tsibin da danshinsa kan sa cikinsa ya ɗau zafi da kansa, ganyen ya yi gumi, ɗacinsa da warinsa su ragu. Ma'aikata na lura da zafin, idan ya yi yawa a rushe tsibin a sake jerawa. Daga nan a ɗaure shi dami-dami a ajiye, wani shekara guda, wani biyu, mai ƙarfin ma fiye da haka. Duk tsawon wannan lokaci jarin mai kaya na kwance.

Naɗin kansa sana'a ce da ake shekaru ana goge hannu a kanta. Kowane kara na da sassa uku: ganyen ciki, wanda ake haɗawa daga hawa daban-daban, da ganyen ɗauri da ke riƙe su, da rigar waje. Kayan aikin mai naɗi allo ne da wuƙa mai faɗi da ɗan ƙaron itace. Idan ya matse da yawa hayaƙi ba zai fito ba, idan ya sassauta karan zai ci wuta da sauri ya yi zafi a baki. Ƙwararre kan naɗa tsakanin kara 60 zuwa 150 a yini, gwargwadon girmansu, alhali injin sigari na fitar da dubbai a minti guda. Afirka ma na da hannu a wannan sana'a, domin ganyen riga na Kamaru na cikin waɗanda masu naɗi ke nema a duniya.

Kuɗin suna

Kaso na biyu ba a cikin ganye yake ba, a cikin tarihi da siyasa yake. Wasu sunayen sun tsufa ƙwarai: H. Upmann tun 1844, Partagás tun 1845, Romeo y Julieta tun 1875, Montecristo tun 1935. Firaministan Birtaniya Winston Churchill ya shahara da shanta har aka sa wa wani dogon samfuri sunansa. Cohiba kuwa a 1966 aka fara yinta don jagoran Kyuba Fidel Castro da baƙin gwamnati, ba ta shiga kasuwa ba sai 1982. Abin da aka daɗe ana ba shugabanni kyauta, talaka ba ya samu, ya riga ya yi daraja tun kafin a sa masa farashi.

Bayan juyin juya halin 1959, gwamnatin Kyuba ta karɓe masana'antun taba a 1960, sannan a watan Fabrairun 1962 Shugaban Amurka John Kennedy ya ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin kasuwanci. Kakakinsa Pierre Salinger ya ba da labarin cewa sai da shugaban ya sa aka sayo masa kara kusan 1,200 kafin ya sa hannu. Haramcin ya ƙara wa tabar Kyuba kwarjini a idon Amurkawa. Karɓe masana'antun da takunkumin sun kuma haifar mata da kishiyoyi, domin gidajen da suka gaji sana'ar sun yi hijira da irinsu da iliminsu zuwa Nikaraguwa da Honduras da Jamhuriyar Dominikan, suka ci gaba da aiki.

Kamfanin Habanos, wanda aka kafa a 1994, shi ke da ikon fitar da tabar Kyuba zuwa waje. A 2022 ya ɗaga farashin Cohiba da wata mai suna Trinidad don ya yi daidai da na kasuwar Hong Kong, wasu samfurori suka ninka biyu, wasu uku. Ganyen bai canza ba, masu naɗin ba su canza ba. Abin da ya canza shi ne yawan masu kuɗin da ke nema, musamman a ƙasar Sin, da ƙarancin kayan, wanda guguwar Ian ta ƙara tsanantawa da ta rusa rumfunan shanya a Pinar del Río a watan Satumban 2022. A kan wannan sai a ɗora haraji da kuɗin fito da ribar mai kanti da akwatin katako mai ƙamshi.

Ko tsada na nufin inganci?

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a matakin farko maganar ta tabbata. Tsakanin ta inji da ta hannu akwai bambancin da mashayi ke ji: yadda take cin wuta daidai, da sanyin hayaƙi, da ƙamshi. Amma da zarar an shiga sahun naɗin hannu, farashi da inganci sai su raba hanya. Mujallar Cigar Aficionado ta Amurka, wadda aka kafa a 1992, takan cire tambarin kowane kara kafin masu ɗanɗano su ba shi maki cikin 100. A irin wannan gwaji, tabar Nikaraguwa da ta Dominikan masu matsakaicin kuɗi sun sha samun maki 90 ko fiye, sun kuma sha lashe matsayin gwarzuwar shekara. Yau Nikaraguwa ce ta fi kowace ƙasa shigar da naɗin hannu Amurka. Wanda ya biya ninki biyar bai sami ninki biyar na daɗi ba. Rarar kuɗin ta tafi ne ga zoben takardar da ke wuyan karan, da kallon da jama'a za su yi wa mai riƙe da shi.

Jabu da wahalar ajiya

Inda suna ya yi tsada, nan masu jabu ke taruwa. Cohiba na cikin samfurorin da aka fi kwaikwaya a duniya. Ana buga tambari da akwati irin na asali, a cika cikin da sharar ganye. Wanda ya saya a hannun ɗan tsakani, ko aka kawo masa tsaraba daga titin wani birni, ba shi da tabbacin abin da ya riƙe.

Ko ta asali ce, akwai sauran aiki. Tabar siga kamar goro take, wanda idan ba a kula da huhunsa ana yayyafa ruwa ba sai ya bushe ko ya ruɓe. Tana buƙatar danshi kusan kashi 70 cikin 100 da sanyi na digiri 18 zuwa 21, shi ya sa ake ajiye ta a akwati na musamman. Yanayin Zugurma da Kontagora bai yi mata ba. Da hunturu iska kan bushe ƙayau, rigar karan ta tsage, man da ke ba shi ƙamshi ya tafi. Da bazara zafi kan doshi digiri 40, kuma ɗumi ne ke ƙyanƙyashe ƙwan wani ɗan ƙwaro da ke huda ganyen. Da damina danshi ya yi yawa, fumfuna ta kama. Sai mai ɗakin sanyi da wutar da ba ta yankewa zai iya riƙe ta yadda aka yi ta.

Abin da jiki ke biya

Akwai masu zaton cewa tunda ganye ne zalla, kuma yawancin mashayanta ba sa jan hayaƙin zuwa huhu, ba ta da illa. Wannan kuskure ne mai haɗari. Karan sigari bai kai giram 1 na taba ba, babbar siga kuwa na iya ɗaukar giram 5 zuwa 20. Cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka, wadda ta fitar da cikakken rahoto a kan tabar siga a 1998, ta nuna cewa hayaƙinta na ɗauke da guba da sinadaran da ke haddasa sankara irin na sigari, wasu ma sun fi yawa. Gumin nan da ake sa ganyen ya yi don ya yi daɗi, shi ne ke ƙara samar da wasu daga cikin waɗannan sinadarai.

Rashin jan hayaƙin ciki ma ba kariya ba ne. Hayaƙin siga na da sinadari mai ɗabi'ar kanwa, wanda ke sa nikotin ya ratsa fatar baki kai tsaye zuwa jini. Dalili ɗaya ne da ya sa ake daka taba gari da kanwa. Ta nan jaraba ke kama mutum, leɓe da harshe da maƙogwaro da hanyar abinci kuma su ne ke wanka da hayaƙin. Masu shanta a kai a kai sun fi waɗanda ba sa sha haɗarin sankarar waɗannan wurare, da ciwon dasashi da zubewar haƙori, masu jan ta ciki kuma ga ciwon huhu da na zuciya. Iyalin da ke ɗaki ɗaya da mashayi su ma suna shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Castro kansa ya daina sha a 1985.

Doka da addini

Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015, da ƙa'idojinta na 2019, sun hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, sun hana sha a wuraren taruwar jama'a, sun kuma wajabta gargaɗin lafiya a jikin kwali. Ba su ware mai tsada daga mai araha ba. Ta fuskar addini, malamai sun yi saɓani tun zuwanta. Ahmad Baba na Timbuktu ya halatta ta a farkon ƙarni na 17, lokacin da ba a san illarta ba, ɗariƙar Tijjaniyya kuwa ta hana mabiyanta. Bayan da likitoci suka tabbatar da cutarwarta, mafi yawan malaman zamani sun tsaya ne tsakanin karhanci da haramci, suna kafa hujja da cutar da kai da almubazzaranci.

Idan aka haɗa waɗannan duka, amsar ta rabu uku. Gwanintar manomi da mai naɗi gaskiya ce, ta kuma cancanci lada, wannan ne ya sa naɗin hannu ya fi na inji tsada bisa haƙƙi. Abin da ya hau kan haka, musamman a manyan sunayen Kyuba, kuɗin suna ne da ƙarancin kaya da haraji, ba ya ƙara wa ganyen komai. Ta ɓangaren lafiya kuma babu farashin da ke sayen sauƙi, domin cutar da ke cikin mai tsada ita ce a cikin mai araha. Wanda bai taɓa sha ba, ba shi da dalilin farawa don ganin ta a hannun manya, wanda kuma ke shan sigari kada ya ɗauka komawa gare ta mataki ne na dainawa.