Awon ruwan damana a Tasawa da Mayahi

Kowace damana, manoman gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi, sukan kasa kunne ga gidan rediyo domin su ji milimita nawa na ruwa ya sauka a kowane gari. Milimita 1 shi ne lita 1 bisa fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. A hekta guda kuwa, lita 10.000 ke nan. Amma ma'aunin ruwa ba ya ba da labari sai na wurin da aka kafa shi, ƙauyuka kuma sun fi ma'aunai yawa nesa ba kusa ba. To, ƙauyen da ba shi da ma'auni, ta yaya za a san abin da ya samu?

Tambayar tana da nauyi, domin adadin ruwa yana cikin abubuwan da magabata ke dubawa kafin su tsara sunayen garuruwan da za su yi ƙarancin cimaka. Idan an kuskure lissafi, taimako yana iya wuce mai rumbu wayam, ya isa ga wanda ya samu hatsi.

A ƙasar Sahel, galibin ruwa yana zuwa ne da manyan hadura masu tasowa daga gabas su nufi yamma. Daga shekarar 1990, masanan ORSTOM ta Faransa da ma'aikatar yanayi ta Nijar sun kafa ma'aunai wajen 100 a kewayen Yamai, cikin shirin EPSAT-Niger. Sun tarar garuruwa biyu masu tazarar kilomita 10 suna iya ƙare damana da babban bambanci. Manomi ya daɗe da sanin haka: a yi ruwa a Maijirgi, Tasawa ta kwana da ƙura.

Hanyar da ake cike giɓin ta fito ne daga aikin haƙar zinariya. A 1951, Danie Krige na Afirka ta Kudu ya nemi sanin yawan zinariyar da ke ƙarƙashin ƙasa daga ƴan ramukan gwaji, sannan Georges Matheron na Faransa ya tsara dabarar a shekarun 1960. Tushenta shi ne, wuraren da ke kusa sun fi kama da juna. A ce Mayahi ta samu milimita 30, Kanambakashe ta samu 10. Ƙauyen da ke tsakiya daidai za a ƙiyasta masa 20. Wanda ya fi kusa da Mayahi, adadinsa zai karkata wajen 30. Lissafin yana kuma faɗin girman kuskuren da zai yiwu, wanda ke ƙaruwa gwargwadon nisan ƙauye da ma'auni.

Bayan wuri, sai lokaci. Da aka jera awon shekaru, an ga damunan 1950 zuwa 1967 sun yi albarka, na 1968 zuwa 1985 kuwa sun yi ƙaranci, musamman 1973 da 1984. Layukan da ke haɗa garuruwa masu samun ruwa daidai da juna sun gangara kudu da fiye da kilomita 100, wato ruwan da arewa ta saba samu ya koma rabon kudu. Bincike ya nuna yawan haduran ne ya ragu, fiye da abin da kowane hadari ke zubarwa. Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo, amma ya fi zuwa da ƙarfi a lokaci guda, abin da ke kawo ambaliya da zaizayar gonaki.

Manomi kuwa, ranar shibka ce ta fi damunsa. A 1988, M. V. K. Sivakumar na cibiyar ICRISAT ta Sadore ya fitar da ƙa'ida: damana ta kama idan bayan 1 ga Mayu an samu milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi farin da ya wuce kwana 7 ba cikin kwana 30 masu biyowa. Ya kuma gano damanar da ta kama da wuri ta fi tsawo. Idan ta makara, irin hatsi mai saurin nuna ya fi dacewa, musamman a arewa, wajen Urafan, inda ruwa bai kai na Korgom da Hawandawaki ba.

Cibiyar AGRHYMET, wadda aka buɗe a Yamai a 1974, tana haɗa awon ƙasa da hotunan tauraron ɗan adam. Tauraro yana auna sanyin saman girgije, daga nan a ƙiyasta ruwa, sannan a gyara ƙiyasin da abin da ma'aunai suka nuna.

Saboda haka, nauyi yana bisa malamin gona da ɗan yaƙi da jahilcin da aka danƙa wa ma'auni. A kafa shi nesa da itace da bango, a duba shi kowace safiya, a rubuta adadi daidai. Ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta sifiri, domin da shi ne ake ƙidaya kwanakin fari.