Ƙara wa mota mai turbo ƙarfi: a gyara ƙwaƙwalwarta ko a sauya ta?

Da yawa daga cikin motocin da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano da ta Lome yanzu da turbo suke zuwa, musamman masu shan gas irin su Sprinter da Hilux da Sharan. Mu da ke harkar saye da sayar da su, kusan kowane wata sai wani ɗan uwa ya tambaye mu abu ɗaya: bakanike ya ce zai ƙara wa motar ƙarfi ta hanyar kwamfuta, shin a yarda? Wani kuma ya ga bidiyo a YouTube an cire ƙwaƙwalwar mota an sa sabuwa, yana son irinta. Abubuwa biyu ne daban, kuma tazarar kuɗinsu da haɗarinsu ba kaɗan ba ce.

Ƙwaƙwalwar mota dai ita ce akwatin nan da ke yanke yawan man da nozul zai fesa, da lokacin fesawa, da iyakar iskar da turbo zai tura cikin inji. Kamfanin da ya ƙera motar ba ya barin injin ya yi iya ƙarfinsa. Yana rage masa da gangan, saboda ya san motar za ta faɗa hannun mai ganganci, za ta sha gurɓataccen mai, za ta shiga zafi. Wannan rarar da aka bari ita masu gyara ke ci.

Hanya ta farko ita ce a bar akwatin kamfani a wurinsa, a sauya lissafin da ke ciki. A da sai an buɗe shi an cire wani ɗan guntu an sa wani. Yanzu galibi ta kafar OBD da ke ƙarƙashin sitiyari ake shiga, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996, Turai ta biyo baya. A injin mai turbo ana iya samun ƙarin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Makulli na aiki yadda yake, agogon gaba na nuna komai, kuma duk bakaniken da ke da na'urar duba matsala zai iya karanta motar.

Hanya ta biyu ita ce a cire akwatin kamfani a sa na kasuwa, irin na Haltech ko MoTeC na Ostireliya, ko Link na New Zealand. Waɗannan kaya ne masu kyau, ba na musu. Amma akwatin yana zuwa ne kusan fanko. Sai an zauna an koya masa injin tun daga tashi da sanyin safiya har zuwa gudu da lodi, kuma aikin na buƙatar na'urar gwajin ƙarfi da ake ɗora mota a kai, wadda samunta a yankinmu sai an tona. Akwatin da wayoyinsa kaɗai na iya haura dala dubu, kafin kuɗin gwani. Ga wata matsalar: ƙwaƙwalwar kamfani tana magana da giya mai sarrafa kanta, da birkin ABS, da tsaron makulli. Ka cire ta, sai ka bi kowanne ka lallaɓa. Sannan mafi yawan waɗannan akwatuna don injin fetur aka yi su, alhali motocin kayanmu na gas ne. Wanda ya sa ƙaton turbo yana wasan tsere, ko ya dasa injin wata mota a wata, shi ke da buƙatarsu. Mai ɗauko albasa da atamfa, wallahi ban ga abin da zai kai shi can ba.

To ko hanya ta farkon ma, akwai inda nake tsayawa. Lissafin da yawancin masu laftof ke sakawa ba su suka rubuta shi ba, sauko da shi suka yi daga intanet, kuma an tsara shi ne don Turai: fetur mai lamba 95 ko 98, gas mai tsabta, iska mai sanyi. Mu kuwa man kwalba na bakin titi muke sha idan ta kama, kuma a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40 a arewacin Benin. Ku ɗauki hanyar Kwatano zuwa Malanbil, fiye da kilomita 700, mota cike da kaya har rufi. Injin fetur da aka matsa wa turbo, in ya sha mai mara ƙarfi, wuta na tashi a cikinsa kafin lokaci, fistin ya tsage. Na gas kuwa, in an ƙara masa mai ba a ƙara iska daidai ba, zafin hayaƙi ke hawa har ya cinye turbo ko ya ƙona gaskit. Baƙin hayaƙin nan da wasu direbobi ke alfahari da shi, man da bai ƙone ba ne, kuɗinka ne ke fita ta salansa.

Masu tallar aikin na son kawo misalin injin Volkswagen 1.9 TDI, wai inji ɗaya ne amma ya fito da ƙarfin doki 90 da 110 da 130 har 150, don haka lissafi ne kawai bambancin. Ba haka ba ne. Masu ƙarfin sun zo da turbo daban da nozul daban, wasu ma da giya mai shida. Ka ɗora wa mai 90 nauyin mai 150, kuloci ne zai fara kuka.

Ni abin da nake gaya wa mai tambaya shi ne, a fara duba lafiyar motar. Sau da yawa ƙarfin da ake nema ya ɓace ne a toshewar matatar iska, ko tiyon turbo da ya huje, ko nozul da ya gaji. Motar da ta yi kilomita dubu 300 a Jamus kafin ta hau jirgi, gyara take so kafin ƙari. In an gyara har yanzu ana son ƙarin, a nemi ɗan kaɗan, a gaya wa mai aikin irin man da ake sha da irin lodin da ake ɗauka. Kuma kada a bar garejin sai ya ba da kwafin lissafin asali a filashi, don ranar da mota ta rikice a Paraku, wani bakaniken ya iya mayar da ita yadda kamfani ya yi ta. Wanda ya ce ba ya ajiye na asali, ɗauki makullinka.

Sai maganar sayarwa, tunda yawancinmu ba ma riƙe mota har ta mutu. Mai saye a Maraɗi ko Kano, da zarar yaronsa ya leƙa ya ga an yanka wayoyi an liƙa baƙon akwati, farashi ya faɗi ke nan, in ma bai juya ba. Wadda aka sauya wa lissafi kuwa ido ba ya gani, shi ya sa wajibi ne mai sayarwa ya faɗa da bakinsa, ya haɗa wa mai saye da filashin nan a cikin takardun mota.