Tsabtace Man Motoci da Rage Gurɓatar Iska a Bompai da Sharaɗa da Challawa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa hayaƙin da ke turnuƙe waɗannan unguwannin masana'antu na Kano ba daga bututun masana'antu kaɗai yake fitowa ba. Manyan motocin da ke jigilar fatu da sauran kaya, da injinan ba da wuta, duk man dizal suke sha. Idan farar wuta ta yi yawa a cikinsa, sai ƙonawarsa ta haifar da ɓurɓushi mai shiga huhun ma'aikata da maƙwabta, musamman da hunturu, sa'ad da hayaƙi ke kwantawa ƙasa-ƙasa.

Gyara kuwa mai yiwuwa ne. Bayan yarjejeniyar Dakar ta 2001, ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar fetur mai dalma a 2006. A 2020 kuma, ƙasashen ECOWAS suka amince kada farar wuta ta wuce kashi 50 cikin miliyan. Amma doka a takarda ba ta wanke iska. Saboda haka muna ba da shawara a riƙa auna kowace tankar mai kafin a sauke ta a Kano.