Viola Davis: daga gidan da ɓeraye suka addaba zuwa ƙololuwar Hollywood

Duk wanda ya kalli fim ɗin The Woman King, wanda ya fito a 2022, ba zai manta da Janar Nanisca ba, shugabar mayaƙa mata na masarautar Dahomey, a ƙasar da yau ake kira Benin, maƙwabciyar Nijar. Jarumar da ta taka wannan rawa, Viola Davis, tana da shekaru sama da 50 lokacin da ta shiga horon faɗa domin fim ɗin.

An haife ta ran 11 ga Agusta 1965 a gonar kakarta da ke jihar Carolina ta Kudu, amma ta tashi a garin Central Falls na jihar Rhode Island. Mahaifinta mai kula da dawakin tsere ne, mahaifiyarta kuma tana aikatau da aikin masana'anta. A littafin tarihin rayuwarta, Finding Me, ta ba da labarin yunwa, da gidan haya da ɓeraye suka cika, da kunyar zuwa makaranta da tufafi marasa wanki.

Wasan kwaikwayo ne ya buɗe mata ƙofa. Ta kammala kwalejin Rhode Island a 1988, sannan makarantar Juilliard ta New York a 1993. Daga nan ta shafe shekaru a wasan dandamali da ƙananan rawa a talabijin. A 2001 ta ci kyautar Tony, amma sai a 2008 duniyar sinima ta waiwaye ta: ƴan mintocin da ta yi a gaban Meryl Streep cikin fim ɗin Doubt sun isa a sa sunanta takarar Oscar.

A 2014 ta fara fitowa a matsayin lauya Annalise Keating a shirin How to Get Away with Murder. Shekara guda bayan haka ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Emmy ta babbar jaruma a shirin dirama. A jawabinta na ranar, ta nuna cewa rashin dama ne ke hana mata baƙaƙe ci gaba, tunda ba a cin kyauta da rawar da ba a rubuta ba. Oscar ta zo a 2017 da fim ɗin Fences, Grammy kuma a 2023 da karatun littafinta. Da haka ta shiga sahun ƴan tsirarun da suka haɗa manyan kyaututtukan nan huɗu.

Tafiyar ba ta rasa ce-ce-ku-ce ba. Ita da bakinta ta ce ta yi nadamar fitowa a The Help na 2011, saboda ba a saurari muryar ƴan aikatau baƙaƙe yadda ya kamata ba. Wasu kuma sun soki The Woman King da cewa ya sassauta hannun da Dahomey ta sa a cinikin bayi.

Matakin da ta ɗauka shi ne mallakar aikin. Ita da mijinta Julius Tennon sun kafa kamfanin JuVee, wanda yana cikin waɗanda suka shirya The Woman King, domin ƴan wasa baƙaƙe su daina zaman jiran a rubuta musu rawa.