Ƙugiya, Dalma da Injin Ban-ruwa: Halin Ƙarafa a Fadamar Baturiya

Masuncin da ke shiga ruwan Baturiya yana ɗauke da ƙarafa biyu da halinsu ya yi hannun riga. Ƙugiyar da ke jikin mamari baƙin ƙarfe ce, siririya, amma tana riƙe ƙaton tarwaɗa ba ta miƙe ba. Ƙwayoyin da ke jere a bakin birgi kuwa dalma ce, mai taushin da haƙori ma ke lotsa ta, amma ita ke jan ragar ƙasa kafin kifi ya sulale. Da za a yi musu musaya, da an koma gida hannu rabbana, domin ƙugiyar dalma za ta miƙe tun a fizgar farko. Kowane ƙarfe da halinsa, halin ne kuma ke zaɓa masa aiki.

Masana sun ƙidaya sinadarai na asali 118, fiye da 90 daga cikinsu ƙarafa ne. Abin da ya haɗa su yana can cikin ƙirarsu. Ƙwayoyin zarra na ƙarfe a jere suke sahu-sahu, kowace ta saki wasu 'yan ƙananan ɓurɓushi da ake kira ilektaron, suna yawo a tsakanin sahun ba mai tsare su. Waɗannan masu yawon su ke ɗaukar zafi da lantarki daga wannan baki zuwa wancan. Su ne kuma ke riƙe sahun idan masaba ta sauka, sai sahu ya zame a kan sahu, ƙarfen ya baje maimakon ya tarwatse. Bayan wannan, kowa ya kama gabansa, kuma ana gane bambancinsu ta nauyi, da jure wuta, da yadda suke zama da ruwa.

A ɗauki mazubin da ke cin ruwa kilo 1. Idan alminiyam ya cika shi, nauyin kilo 2.7 ne. Baƙin ƙarfe 7.9, jan ƙarfe kusan 9, dalma 11.3, zinariya 19.3. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa 'yar ƙwayar dalma ke nutsar da raga, da kuma dalilin da ya sa manomin rani ke iya ɗora injin ban-ruwa mai gangar jikin alminiyam a bayan babur ya kai shi bakin kogi shi kaɗai.

Baƙin ƙarfe ne uban tafiya. Tarihin baka na Kano ya nuna cewa tamar da ke dutsen Dala ce ta jawo maƙeran farko wurin. Abin mamakin shi ne, magabatan ba su taɓa narkar da shi ya zama ruwa ba. Sai ya kai digiri 1,538 yake narkewa, murhun gawayi da zuga-zugi kuwa ba ya kaiwa nan. Abin da suke samu dunƙule ne mai soso-soso, haɗe da datti, sai a yi ta dukansa a kan uwar maƙera har dattin ya fita. Taurinsa kuma daga gawayin yake samo shi. Idan ɗan sinadarin gawayi ya shiga jikinsa, ƙasa da kashi 2 cikin 100, sai ya toshe wa sahun nan hanyar zamewa, ƙarfen ya yi tauri. Maƙeri ya gasa bakin lauje har ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa, taurin ya ƙaru. Shi ya sa maƙeran baƙi ke neman tsohon sifirin na mota idan za su ƙera gatari, domin sinadarin gawayin da ke cikinsa daidai yake. Idan ya wuce kima kuma, ƙarfen ya zama mai fashewa, ba ya ƙeruwa sai dai a zuba shi a mazubi.

Rauninsa ɗaya ne, kuma a ƙasar ruwa irin ta Haɗejiya babban rauni ne: tsatsa. Danshi da iska suna haɗuwa da fuskarsa su zama jan ɓawo mai ɓarɓashi, ɓawon ya zube, sabuwar fuska ta bayyana, ita ma a ci ta, har a kai ga huda.

Akwai dabaru biyu na kare shi, kuma ya kamata a lura da bambancinsu. Kwanon rufi baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rigar tutiya. Ita tutiya ta fi baƙin ƙarfe saurin karɓar cin ruwa, saboda haka ko ƙusa ta huda kwanon, tutiyar da ke kewaye da hujin ce za ta ci gaba da cinyewa, ƙarfen ya tsira har sai ta ƙare. Gwangwanin tumatir kuwa rigar kuza gare shi. Kuza ba ta da guba, ba ta tsatsa, amma kariyarta ta lulluɓi ce kawai. Da zarar an karce ta, ƙarfen da ke ƙasa zai yi tsatsa da sauri fiye da wanda ba a lulluɓe ba. Kuza ba baƙuwa ba ce a wurinmu, don mutanen Riruwai a kudancin Kano suna narkar da ita tun kafin Turawa su buɗe manyan ma'adinan Jos.

Alminiyam ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, kusan kashi 8 cikin 100, amma kakanninmu ba su san shi ba. Yana manne da sauran sinadarai ƙam-ƙam, wutar gawayi ba ta iya ɓamɓaro shi. Sai a 1886 Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a gefensa, suka gano hanya mai araha ta raba shi da ƙarfin lantarki. A haƙiƙa ya fi baƙin ƙarfe saurin haɗuwa da iska, sai dai ɓawon da yake yi siriri ne, mai manne wa jiki, ba ya zubewa, shi ke hana cin ya yi nisa. Tsami mai yawa da kanwa suna narkar da wannan ɓawo, shi ya sa tukunyar da ake yawan dafa abu mai kanwa a ciki take yin ƙananan ramuka. Da yake a digiri 660 yake narkewa, maƙeran fari suna iya zuba tukwane da ludaya daga tarkacen da 'yan gwangwan suka tattaro, da gawayi da mazubin yashi kawai.

Jan ƙarfe shi ne sarkin ɗaukar lantarki a cikin ƙarafan da talaka ke iya saye. Azurfa ta ɗara shi kaɗan, amma wa zai naɗe janareta da azurfa? Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka. A manyan layukan wuta da ke kan turaku an fi son alminiyam, a ƙara masa kauri, tunda ba shi da nauyi kuma ya fi araha. A cikin naɗin famfon sola kuwa, inda wuri ya yi ƙaranci, jan ƙarfe ake so. Mai sayen waya ya kankare bakinta ya duba, domin akwai alminiyam da ake yi wa fatar jan ƙarfe. Irin wannan waya tana zafi da wuri idan aka ɗora mata nauyin da jan ƙarfe zalla ne kaɗai zai ɗauka. Darajar jan ƙarfe tsohuwa ce: Ibn Battuta, da ya je Takedda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya tarar ana ciniki da sandunansa a matsayin kuɗi.

Saura dalma, kuma a kanta nake so mai karatu ya dakata. Duk abin da ya sa ake son ta gaskiya ne. Tana da nauyi, tana da araha, tana narkewa a digiri 327 kacal, wutar girki ma ta ishe ta. Amma jikin mutum, wanda ke bukatar ɗan baƙin ƙarfe don jini da 'yar tutiya don girma, ba shi da wani amfani da dalma ko ƙanƙani. Yana ɗaukar ta a matsayin sinadarin gina ƙashi, ya adana ta shekaru, tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa. Yara ƙanana ta fi yi wa illa, kuma abin da ta rage musu na kaifin fahimta ba ya dawowa.

Mun ga iyakar wannan a Zamfara a 2010. Dutsen zinariyar da ake haƙowa a yankunan Anka da Bukkuyum cike yake da dalma, ana niƙa shi a cikin gidaje, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. A ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare, yara kimanin 400 suka rasu. Ba a haƙar zinariya a fadamarmu, amma dalma tana da wasu ƙofofin shiga gida: tsohon batirin mota da ake fasawa a narka a tsakar gida don zuba ƙwayoyin raga, matse ƙwayar da haƙori, tukunyar da aka zuba daga tarkacen da ba a tsince ba, da tozalin dutse da ake rambaɗa wa jarirai, wanda sau da yawa dutsen dalma ne. Tsuntsaye ma ba su tsira ba. Baturiya, wadda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na Ramsar a 2008, masauki ce ga tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu. Agwagin ruwa suna haɗiyar tsakuwa don niƙa abinci, sukan haɗa da ƙwayar dalmar da ta faɗi a taɓo, ta kashe su. Irin wannan mutuwar tsuntsaye ce ta sa Ingila ta hana ƙananan ƙwayoyin dalma na fatsa a 1987.

Ba zan ce masunci ya jefar da birginsa yau ba. Ƙwayar gasasshen yumɓu ko ta baƙin ƙarfe sai ta fi ta dalma girma kafin ta yi aikinta, kuma sauyi sai a hankali. Amma akwai abin da ba ya bukatar ko sisi. Wanda zai narka dalma ya fita da ita bayan gari, ya tsaya ta inda iska ba za ta kawo masa hayaƙin ba, kada ya taɓa kwanon girki, ya wanke hannu ya sauya riga kafin ya ɗauki yaro. Masu zuba tukwane kuma, don Allah ku ware kan batir da duk wani tarkace mai nauyi da taushi kafin ku ɗora a wuta.